Surukata Mai Agogon Faifai

Ranar da Mama ta rasu, gidanta na unguwar Nasarawa a Kaduna bai ɗauki mutane ba. Tabarmi suka ƙare, aka aro benci daga cocin bayan layi, aka ɗebo wasu daga islamiyya. Mata masu hijabi sun tsallako kogi daga Tudun Wada, matan zumuntar coci sun zo da zannuwansu iri ɗaya daga Mahuta da Kakuri, kowa ta rakuɓe inda ta sami inuwa. Wata tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin tasha ta sake shigowa, tun daga ƙofa tana cewa, "Wayyo Malama, wa zai ƙara yi mini faɗa?" Wani dattijo, tsohon maigadin masaƙa, ya tsaya a soro ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Maigidana, ɗanta na fari, yana waje cikin maza. Ana miƙo masa hannu yana karɓa.

Can wata baƙuwa cikin dangi, wadda ta zo daga nesa, ta tambaya ƙarfe nawa za a yi jana'iza. Kafin wani ya buɗe baki mai ƙosai ta ɗago jajayen idanunta ta ce, "Half past two."

Sai wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi maza ta toshe baki da gyale, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka, kukan ya bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga matan da ke kan benci. Baƙuwar ta yi ta waige-waige, ba ta san abin da ta taɓo ba. Ba laifinta ba ne. Ba ta san cewa rabin matan da ke zaune a wurin, a bakin Mama suka koyi faɗin lokaci da Turanci ba. Saboda irinta nake rubuta wannan, da kuma jikokin da za su tashi ba su san komai game da ita ba sai hoton da ke bango.

An kawo ni gidan ina amarya a shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. Daga wani ƙauye nake a gefen Zariya. Na yi allo, ina iya haɗa baƙin Hausa kaɗan-kaɗan, amma Turanci ko na gaisuwa ban sani ba. Mama kuwa ta riga ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, mijinta ya daɗe da rasuwa. Doguwa ce, siririya, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a ka. Tun ranar farko ta kira ni Amarya, kuma ba ta canza ba har na yi furfura a gefen kunne.

Akwai bishiyar mangwaro a tsakar gidan. Da an yi la'asar sai ka ji ana sallama ɗaya bayan ɗaya: ma'aikatan masaƙa da auduga maƙale a gashin idonsu, masu sharar asibiti, 'yan kasuwa, har da maigadin nan da yakan zauna nesa kaɗan a kan bulo. Ba ta karɓar ko sisi. Ba ta kuma farawa da baƙaƙe kamar yadda ake yi wa yara. Takan ce wanda ya zo wurinta babba ne, ya bar tukunya a wuta. Ma'aikaciya tana so ta gane allon da ake liƙa canjin aiki, mai ciki tana so ta san ranar da aka ce ta koma awo, mai jinya tana so ta san bayan awa nawa za ta ƙara ba da magani. Saboda haka da lokaci take farawa.

Agogon ajin tsohon faifai ne. Ta ɗinka masa lambobi da jan zare, ta yanko hannaye biyu na kwali, dogo da gajere, ta soke su da ƙusa a tsakiya. Takan ɗaga shi sama ta juya hannayen, ta lumshe ido tana jiran amsa. Kullum idonta a rufe take sauraro. Ta ce ido yana sa ta tausayi, kunne kuwa ba ruwansa.

"Ku lura da halin Bature," in ji ta. "Mu muna fara faɗin babban abu, mu ce ƙarfe uku, sannan mu ce saura kwata. Shi kuwa guntun yake fara miƙo miki, quarter to, sai daga baya ya kawo three. Kada ki fizge. Ki bari ya gama maganarsa."

Mai ƙosai ce ba ta bari a gama. Da ta ji three sai ta ce uku ta yi. Sun fi wata suna wannan rigima. Ran nan ta tashi ta kakkaɓe zani ta ce ita ta gaji, ai ƙosanta ba ya tambayar ta Turanci. Mama ba ta buɗe ido ba ta ce, "Sauka lafiya. Gobe ki zo da wuri, ke za ki riƙe faifan." Washegari ita ta riga kowa zuwa.

Wani lokaci Mama takan ajiye faifan a cinya ta shiga jajanta wa Turanci. "Abin tausayi ne, ba shi da jibi. In zai faɗe ta sai ya yi dogon zagaye, wai ranar da ke bayan gobe. Gata kuwa ko labarinta bai taɓa ji ba. Ba shi da hantsi, ba shi da walaha, duka ya tattara ya kira su morning. Ku koye shi don ku ci abinci da shi, amma kada ku yar da naku."

Idan na tuna waɗannan lokutan na yamma, sai in ga kamar ta cikin ruwa nake kallonsu. Rana tana ratsowa ta ganyen mangwaro tana yawo a fuskokin mata. Daga nesa jiniyar masaƙa tana kiran masu aikin yamma. 'Yan kwayar coci suna gwajin waƙa a bayan katanga, su tsaya, su sake ɗaukowa daga farko. Mama kuma ta tafi can yarintarta, tana ba su labarin babanta ma'aikacin jirgin ƙasa, yadda yakan ɗora ta a wuya a tasha ya nuna mata babban agogon da ke rataye, da yadda ta daɗe tana zaton agogon ne ke jawo jirgi daga Legas da wani zare da ba a gani. Ba a tashi sai ladan ya yi gyaran murya a lasifika.

Ni daga bakin murhu nake jin duk wannan. Ba na zuwa kusa, don ko ido ba na iya haɗawa da ita. Wata rana ina tankaɗe na ji ta ce, "Amarya, kawo kujerarki."

Na zo na durƙusa a gefe. Ta ɗaga faifai. Na san amsar, wallahi na sani, don na sha maimaita ta a zuci ina tuƙa tuwo. Amma ta yaya zan ɗaga murya ina gwaranci a gaban uwar mijina? Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zani. Mata suka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Mama ta miƙa wa wata faifan. Ta tashi ta ɗauki kujerarta ta juya ta, ta zauna tana fuskantar katanga, ta ba mu baya.

"To, surukarki ta fita unguwa," ta ce. "Wata tsohuwar malama ce ta rage. Faɗi."

Na faɗa. Ta gyaɗa wa katanga kai. Haka ta koyar da ni watanni, duk ranar da layi ya zo kaina sai ta juya kujera. Ta ƙeyarta na koyi Turanci.

Wadda ta riƙe faifan a ranar ita ce maƙwabciyarmu ta jikin katanga, Maman 'yan biyu, mutuniyar Filato, ita da mijinta duk a masaƙa suke aiki. Gajera ce mai ƙarar murya, ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin.

Ban cika shekara a gidan ba garin ya kama da wuta. Ba zan tsaya ba da labarin rikicin ba, duk wanda ya zauna a Kaduna a lokacin yana da nasa. Abin da ya shafe mu shi ne maigidana yana shagonsa a tsallaken kogi, hanya ta rufe, ni kuma cikina ya tsufa. Muna tsaye a tsakar gida muna kallon hayaƙi sai ga Maman 'yan biyu ta leƙo ta kan katanga.

"Malama, ku taso. Yanzu-yanzu. Ku bar komai."

Mijinta ya sa tsani ya tsallakar da mu. Suka shigar da mu ƙuryar ɗakinsu, bayan buhunan dankalin da aka aiko musu daga gida. Da rana tsaka wasu samari suka zo suna dukan ƙofa. Muna ji Baban 'yan biyu, mutumin da ko a gaisuwa ba ka cika jin muryarsa ba, ya ce musu, "Ba kowa a gidan nan sai iyalina. Wanda zai shiga sai ya bi ta kaina." Aka yi ta hayaniya, sannan ƙafafu suka yi nisa.

Tsoro ya ƙi sakina. Mama ta matso ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Sai ta sa baki a kunnena ta ce, "Yaya ake cewa tun safe?" Na dube ta kamar ta zautu. Ta maimaita. Na ce, "Since morning." Ta ce, "Jiya da yamma fa? Duk bayan minti goma fa?" Haka muka yi kwanakin nan a cikin ƙanshin dankali da ƙasa, tana tambaya cikin raɗa ina amsawa, har numfashina ya daidaita. Ba ta juya mini baya ba a ɗakin, babu ma wurin juyawa.

A can naƙuda ta same ni. Ruwa ya fashe tun da yamma, gari ya waye ba haihuwa, ga dokar hana fita. Maman 'yan biyu tana manne da rediyo. Can ta yi tsalle ta shigo. "Malama, sun sassauta! Twelve noon suka ce, na rana, na ji da kunnena. Zuwa ƙarfe huɗu." Tun kafin a maimaita sanarwar da Hausa ta riga ta ɗaura mini zanenta na zumuntar coci, mijinta ya fita neman a-kori-kurar wani maƙwabci.

A ƙofar asibiti sojoji suka tare mu. Asibitin ya cika da masu rauni, sun ce mara lafiya kaɗai za ta shiga. Mama ta yi musu Turanci mai kyau, suka ce sun ji, amma doka ce. Na riƙe gyalenta na ƙi saki. Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

"Amarya, ki buɗe baki. Duk abin da za su tambaye ki kin san shi."

Nas ɗin da ta zo kaina 'yar kudu ce, sabuwar zuwa, ba ta jin Hausa, ga mata a jere a ƙasa kowa na nishi. Ta tambaye ni cikin sauri, tana shirin wucewa gaba. Yawancin maganar ta wuce ni, amma na tsinci water, na tsinci when. Na bari ta gama, sannan na ce, "Yesterday evening." Ta tsaya. Ta tambayi ciwon. Na ce, "Since morning. Every five minutes." Fuskarta ta canza, ta ƙwala wa wani kira, aka ɗauke ni aka wuce da ni gaban layi. Daga baya wata mai shara Bahaushiya ta ce mini da an bar ni a layin nan zuwa yamma, da wuya a sami yarinyar da rai.

Kafin magariba na haifi mace. Da aka bar su suka shigo, Mama ta karɓe ta ta daɗe tana kallo. Maman 'yan biyu tana rawa a tsakanin gadaje tana share hawaye. Ba mu ga maigidana ba sai bayan kwanaki, ya rame, ya zo a ƙafa. Ya sa wa yarinyar sunan Mama.

Daga nan rigimarsu ta tashi. Bayan ƙura ta lafa mutane suka shiga ƙaura, namu suna tsallakawa arewacin kogi, mutanen su Maman 'yan biyu da ke can suna dawowa kudu. Maigidana ya sami gida a Tudun Wada. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce ta haɗa kaya.

Mama ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ta dube ni ta ce, "Amarya, ki gaya wa maigidanki ya ɗauki iyalinsa ya tafi, na yarda. Ni ina nan."

"Mama, zamani ya canza," ya ce. "Kin ga abin da ya faru da idonki."

"Na gani. Na kuma ga wanda ya tsaya a ƙofa."

"Mutum ɗaya ne! In aka sake, ki ce mini zai iya tare unguwa?"

"Ki tambaye shi, in na tafi, ranar Litinin matan nan su zo su tarar da wa? Kwaɗo a ƙofa?"

Ya miƙe tsaye. "Wato faifai ya fi miki ni."

Ban taɓa ganin fuskarta ta yi irin wannan ba. Ta juyo ta dube shi ido cikin ido. Sannan ta shige ɗaki ta saki labule. Shi tsoro ne ya sa shi faɗin haka, tsoron a kira shi wata rana a ce ya zo ya ɗauki gawar uwarsa. Ita ma ta sani. Amma maganar ta riga ta fita.

Muka tashi. Ya daina zuwa, sai dai ya ba ni cefane in kai. Duk Asabar nakan goya takwararta in hau bas in tsallaka gada. Ba ta taɓa tambayata shi ba, sai dai in zan tafi ta ƙulla dakakken yaji irin wanda yake so ta ce, "Ko akwai mai ci a gidanku." Haka aka ci rani. Da damina ta sauka na gaya masa ɗakinta na yoyo, har ta jera kwanuka a ƙasa. Asabar ta gaba ina gidan sai ga shi da kwanon rufi a ka. Bai shiga ya gaishe ta ba, ya jingina tsani ya hau. Ita kuma ta fito da tire ta zauna a ƙasan wurin tana tsintar waken da na riga na tsince. Yana bugu, tana tsinta. Da rana ta take ta ce, "Amarya, ki ce wa mai gyaran can ya sauko, abinci zai huce."

Daga sama ya ce, "Na ji, Mama."

Ya sauko ya ci a gabanta, ta ƙara masa miya da hannunta. Ba wanda ya sake ta da zancen ƙaura.

Shekaru suka yi ta wucewa. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta yi shiru, wasu ɗaliban suka koma garuruwansu. Wayar hannu ta zo, kowa da lokaci a aljihu, amma aji bai mutu ba, don waya ba ta koya wa mutum abin da zai ce wa likita. 'Ya'yan ɗalibanta na farko suka fara kawo nasu surukan. Idonta ya yi rauni har ya tafi gaba ɗaya, sai ta koma shafa lambobin zaren da yatsa. Ta ce ba ta yi asarar komai ba, dama can a rufe take koyarwa.

A watan da ya wuce Baban 'yan biyu ya rasu. Mama ta sa muka kama ta muka kai ta gidan, ta zauna kusa da matarsa kwana da kwanaki. An liƙa fostarsa a bangon waje, ta ce takwararta, wadda yanzu ta zama budurwa, ta karanta mata. Yarinyar ta fara, ta zo kan the late, sai Mama ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Kun ji ko? Kalmar da suke gaya wa ɗan makaranta in ya makara, ita suke gaya wa mamaci. Na koyar da ita shekara da shekaru, ban taɓa yarda da ita ba." Ta lalubo hannun Maman 'yan biyu. "Mijinki bai taɓa makara ba, ko a wurin aiki, ko ranar da muke bukatarsa. Mu marigayi muke cewa. Riga mu ya yi, shi ke nan."

Maman 'yan biyu ta kwantar da kai a kafaɗarta.

Bayan sati biyu, da hantsi, Maman 'yan biyu ta kira ni a waya ta ce in zo, jikin Malama ya tashi. Na fito ko gyale ban daidaita ba. A kan gada wata babbar mota ta lalace, motoci suka cushe. Na sauka na bi gefe da ƙafa, ina kallon ruwan kogi yana tafiyarsa a hankali, na hau babur a ɗaya gefen. Tun daga bakin layi na ga mata tsaye a ƙofar gida, na san abin da ya faru.

Maman 'yan biyu ta tare ni a soro ta riƙe ni da hannu biyu. A cinyarta Mama ta cika, ta ce, da kalmar shahada a bakinta, mai ƙosai ce ta yi ta laƙƙana mata. Na ce na makara, na makara, ban iya faɗin komai ba sai wannan.

"A'a," ta ce. "Ta san za ki faɗi haka. Ta ce in Amarya ta zo in gaya mata ba ta makara ba. Ita ce ta riga."

Allah Ya haskaka kabarinki, Mama, Ya sa inda kika riga mu ya fi nan sanyi. Muna tafe.